Injin Jamus a Gaban Surukina

Tun da na dawo daga Caina ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a gareji ba. Wannan ya ce da gaske ne suna cin kare, wancan ya ce na ga wasannin Olamfik da idona ko kuwa, Ɗanlami mai faci kuma kullum tambayarsa ɗaya ce, wai taya tana araha a can? Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Wasanni dai ban gani ba, a Beijing aka yi su, ni kuwa Guangzhou na je, kuma tsakaninsu ya fi nisan Kano da Legas. Kare ban ci ba. Abin da na gani inji ne, kuma shi ya hana ni sakat har yau.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Sule mai lagireto na Ƙofar Ruwa. Tun ina saurayi nake narka dalma ina toshe yoyo, daga lagireton tasi har na tirela, kuma ban taɓa zaton zan hau jirgi ba in ba Makka za ni ba. Wanda ya kai ni shi ne Habibu, mijin 'yata ta fari. Ita ba zan ambaci sunanta ba, kun san dalili, shi kuwa zan rubuta nasa tunda takarda ba ta jin kunya. Habibu ɗan Kantin Kwari ne, jins da riguna yake sarowa daga Guangzhou, daga baya ya fara haɗawa da lagireto. Kwantenar farko da ya kawo rabinta yoyo take kamar rariya. Sai ya aika matarsa wajen uwarta, uwar ta same ni, wai ko Baba zai daure ya raka shi ya duba kaya da idon sana'a kafin a loda. Haka magana take tsakanina da shi, sai ta ratsa mata biyu kafin ta iso.

Yaron kirki ne, wannan ba zan hana shi ba. Bai taɓa haɗa ido da ni ba, in ya zo gaisuwa tun daga zaure yake cire takalmi ya tsuguna can nesa. Amma fulogi ɗaya bai iya kwancewa ba. In motarsa ta mutu a hanya, bonet yake buɗewa ya tsaya a kan injin yana kallo kamar wanda ya je ta'aziyya, har sai an kira ɗaya daga cikinmu.

Daga Kano muka bi ta Legas, daga Legas sai Dubai. A jirgi aka ba mu kujeru a jere, kafaɗata na gogar tasa. Da aka kawo abinci na ce alhamdulillahi, don ban ga yadda zan buɗe baki ina tauna a gaban surukina ba. Shi ma da ya ga ban karɓa ba sai ya mayar da nasa. Aka sake zagayowa, muka sake mayarwa. Ma'aikaciyar jirgin ta tambaye shi ko azumi muke, ya gyaɗa mata kai. Cikina kuwa ƙugi yake har sai na riƙa tarin ƙarya don in rufe ƙarar.

A Dubai Allah ya haɗa mu da Alhaji Isuhu, mutumin Maraɗi, ɗan kasuwar takalma, tsohon abokin tafiyar Habibu. Ƙato ne mai dariya da dukan jikinsa, kuma sa'ana ne. Kallo ɗaya ya yi mana ya gane halin da ake ciki. Ya ja ni bayan wani ginshiƙi, ya zaro kilishi da dabino daga jaka, ya tsaya ya kare ni da rigarsa har na ƙoshi. Ya ce su ma a Maraɗi suna da wannan kunyar, amma ba sa hawa jirgi da ita. A jirgin da muka hau daga Dubai ya musanya kujera da Habibu, na ci abincina har da na ajiyewa.

Saboda wasannin biza ta yi wuya a shekarar, wadda aka ba mu gajera ce, kuma ba mu samu jirgin da zai sauke mu a Guangzhou kai tsaye ba. A Hong Kong muka sauka, muka hau bas zuwa iyaka a Shenzhen. Can za ka sauko da kayanka duka, ka bi layi, a buga maka hatimi, ka fita ta ɗaya ƙofar ka nemi wata bas. Ni da na saba da iyakar Jibiya, inda za ka gaisa da ma'aikaci ka tambaye shi iyali kafin a zo maganar takarda, sai na yi wa na gabana sallama da murmushi. Ko kallona bai yi ba. Ya duba fasfo, ya duba fuskata, ya yi mini nuni in cire hula. Na cire, sanƙona ya bayyana a gaban duniya, Habibu ya yi maza ya juya yana karanta wani allo da ke bango. Sai ma'aikacin ya shiga yi mini tambayoyi ina cewa yes, yes, shi kuma fuskarsa na ƙara ɗaurewa. Habibu ya matso, ya miƙa takardar otal, ya buɗe baki ya zuba masa Sinanci. Mutumin da ya ƙi amsa sallamata sai ga shi yana dariya. A nan na fara jin abin a ƙirjina, kuma ba zan ba shi wani suna ba, ƙyashi ne.

A unguwar Xiaobei muka sauka, inda baƙar fata ya fi yawa. Ni da Isuhu ɗaki ɗaya, Habibu ya kama nasa a wani bene daban. Ɗakin bai fi shagon mai shayi ba, in ɗaya zai yi salla sai ɗaya ya hau gado. Buta babu. Isuhu da tasa yake yawo a jaka kamar fasfo, ni kuwa robar ruwa na huda. Fasfon ma ba a rabuwa da shi, ko burodi za ka saya sai da shi a aljihu, don 'yan sanda na tare baƙi a kan titi, wani lokaci har ɗaki suke ƙwanƙwasawa. Zafinsu kuma ba irin namu ba ne. Namu busasshe ne, nasu jiƙaƙƙe, ka yi wanka kana fitowa kana neman wani, ka shanya riga ta kwana ta wuni tana nan yadda ka bar ta.

Abinci akwai na Musulminsu masu farar hula, taliya ce da ake ja da hannu a gabanka a jefa a romon naman sa. Tana da daɗi in ka samu hanyar kai ta baki. Tsinke biyu suke ba ka. Na nemi cokali mai yatsu aka ce meyo, wato babu, kuma wannan ce kalmar da na fara koya don ita na fi ji. Da na gaji da kokawa da taliya sai Isuhu ya kai ni can saman wani dogon bene, ya ƙwanƙwasa wata ƙofa da ba ta da alama, ya yi sallama. Wata Hajiya ce 'yar Yamai take tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka a ciki. Mutanen Gana da na Nijar da na Kamaru duk suna zaune a ƙasa, kowa na jan Hausa ta inda ya iya. Ranar na ci abinci da hannuna har na lashe.

A hanyar dawowa daga can na hango Habibu ta gilashin wani gidan abinci. Yana zaune cikin 'yan Caina, ƙafa ɗaya kan ɗaya, tsinke na rawa a hannunsa, yana ba da labari suna ƙyaƙyatawa. Ban taɓa jin dariyar yaron nan ba, ban ma san yana da haƙora haka ba. Na tsaya a bakin titi ina kallo har Isuhu ya ja ni. Ashe yana da wata duniya sukutum da ake girmama shi a cikinta, ni kuwa da na haifi matarsa ko ruwa ban iya tambaya ba.

Kwanakin farko bin sa na yi ta yi kamar jela. A Shisanhang, titin 'yan riguna, mutane sun fi na Kwari ana gobe salla, masu turin kaya ba sa cewa gafara, sai dai ka ji ƙarfe a agararka. A Xintang, garin jins, har ruwan kwata shuɗi ne. Duk shagon da muka shiga sai a miƙe ana lawban, lawban, wato maigida, kuma da shi ake. Shi kuma sai ya nuna ni da dukan tafinsa ya faɗi wata magana, nan take a rusuna mini, a kawo kujera, a ba ni shayi a ɗan kofi, a manta da ni. Baƙo ko da ido makaho ne, na sani, amma ni ba makaho kaɗai aka mai da ni ba, kayan ado aka mai da ni.

Sai ranar da muka je masana'antar lagireto, can wajen Huangpu inda ake loda kwantenoni a jirgin ruwa. Na ce yau dai ranata ce. Yadda nake gwada lagireto shi ne in toshe bakinsa, in nutsa shi a ruwa, in hura iska in ga inda kumfa za ta fito. Ina fara naɗe hannun riga Habibu ya yi wuf ya kira ma'aikata. Su suka toshe, su suka nutsa, su suka hura, ni ina tsaye ina nuni da yatsa kamar sufeto. Duk da haka na gano inda matsalar take, dalmar wuya ce suke yi wa rowa, kuma mai masana'antar ya yarda za a gyara.

Mai masana'antar matashi ne mai jin Turanci, amma ubansa na nan, wani tsoho siriri da singileti da mafici, ana ce masa Lao Liang. Shi ya kira mu shan shayi. Aka zuba mini na kurɓe, sai na ga kowa ya juye nasa a kwano. Ashe zubin farko na ɗauraye kofi ne. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya dafa kafaɗata, ya ce mu biyo shi. Ya kai mu wata rumfa a bayan masana'antar, ya yaye wani tamfol.

Jama'a, na ga injuna a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Dogo ne, a tsaye ya kai ƙirjina, an ɗaure shi a kan gadon ƙarfe. Silinda shida a jere, kowace tsaye da ƙafarta, ba a haɗe cikin bulo ɗaya kamar na mota ba. Kowace an yi mata riga ta siririn ƙarfe an bi da walda, a tsakanin rigar da silindar ruwa yake zagayawa. Bawul da sifirin duk a waje suke, kana ganinsu. Fulogi bibbiyu ne a kowace silinda, don in ɗaya ya mutu a sama ɗaya ya riƙe. A gaba an sa masa guntuwar farfelar katako a cikin keji, a gefe kuma ga lagireton tagulla mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, duk jikinsa tabon dalma, wani tsoho wani sabo. Wanda ya yi wannan facin ya san abin da yake yi. Na ji yawuna ya tsinke.

Tsohon ya shiga bayani, hannunsa na zana abubuwa a iska. Ya daɗe yana yi, sai Habibu ya juyo, ido a ƙasa, ya ce wai injin ya tsufa sosai. Tsohon ya sake jan wani dogon zance yana nuna famfon ruwa, Habibu ya ce wai na Jamus ne. Yaron bai san sunan ko ɗaya daga cikin kayan ba, ba da Sinanci ba, ba da Hausa ba, ga shi shi kaɗai ne ƙofata. Da ɗan tsohon bai tausaya mini ya karɓa da Turanci ba, da na dawo da wannan kalma biyun kawai.

Ga abin da na tsinta da guntun Turancina. An ƙera injin a Jamus lokacin yaƙin duniya na farko, don jirgin sama na yaƙi. A zamanin wasu Turawan iska suke bari ta sanyaya musu inji, Jamusawa kuwa sun fi yarda da ruwa. Irin waɗannan injunan su suka ɗaga jiragen faɗa da na leƙen asiri, 'yan'uwansu kuma suka tura manyan jiragen nan masu kama da balan-balan. Wasu jiragen a fiffiken sama ake ɗora musu lagireto, daidai kan direba, in harsashi ya huda sai tafasasshen ruwa ya zubo masa a fuska, har sai da aka koma kautar da shi gefe. Da aka gama yaƙi aka hana Jamus riƙe jiragen soja, injuna suka watsu a duniya, wasu aka sa su a motocin tsere, wasu a jiragen ruwa. Wannan a jikin jirgi ya zo, wani janar na kudancin Caina ya saya, jirgin ya faɗi a gonar shinkafa. Uban Lao Liang shi ne makanikin. Ya kwance injin ya sa a jirgin kogi, bayan shekaru ya mai da shi na ban ruwa, da aka zo lokacin da ake tattara kowane ƙarfe ana narkawa sai ya shafe shi da giris ya binne. Lagireton kullum cikin yoyo yake, a kansa uban ya koyi dalma, ya koya wa ɗansa. Wato duk lagireton da muka zo saye jikokin wannan ne.

Sai ɗan ya ƙara da abin da ya tsaya mini a rai. Tsohon ya ba da injin kyauta ga wani gidan adana kayan tarihi a arewa, mota za ta zo ɗauka a mako mai zuwa, kuma in ya shiga can ba zai sake tashi ba. Don haka zai tayar da shi tashin ƙarshe ranar Asabar. Fetur ɗin ma kaɗan ne, don saboda wasannin ba a sayarwa a jarka, ɗan abin da ya rage masa ne zai ƙona. Yadda ake tayar da shi kuwa, a ɗura fetur a wasu 'yan kofunan tagulla da ke kan silinda, a juya farfela a hankali ya shaƙa, kowa ya ja da baya, sannan mutum ɗaya ya murza hannun wani ɗan akwati mai kama da injin niƙan barkono. Akwatin ne ke ba da wuta. Tsohon ya ce hannunsa ya yi rauni, ɗaya daga cikin baƙinsa yake so ya murza.

Daga ranar ban sake tunanin komai ba. Ina cin tuwo ina murza hannu a iska. Isuhu ya gaji da ni, ya ce, “Malam Sule, mi kake jira? Hwaɗa ma yaron nan kai ka son murzawa. Ɗiyarka ka ba shi, ba bakinka ba.” Na ce masa ba a haka. Yaya dattijo zai je gaban surukinsa yana roƙon a bar shi ya yi wasa da inji kamar yaron da ya ga alewa? Ya ce to in zauna, rabon kwaɗo ba ya hawa sama, amma kuma ba ya zuwa har rami ya same shi.

Na dai gwada ta hanyarmu. Da Habibu ya zo gaishe ni da safe, na kalli taga na ce, wannan injin, an ce mutum ɗaya ne zai murza. Ya ce haka ne Baba. Na ce aikin kuwa yana son wanda ya san hannu. Ya ce kada Baba ya damu, in sha Allahu ba za a wahalar da Baba ba. Yana fita ya aiko a karɓi farar babbar rigata a kai guga.

Ranar Asabar muka tarar an share rumfar, ma'aikata sun taru, an ajiye kujera mai hannu a inuwa da teburin shayi a gabanta. Tawa ce. Na zauna cikin farar riga mai sitaci ina kallon Lao Liang yana cika lagireto da ruwa, yana ɗiga mai a kan bawul ɗaya bayan ɗaya, yana ɗura fetur a kofunan. Ma'aikata biyu suka juya farfela, na ji injin yana jan numfashi. Sai tsohon ya taho har inda nake, ya kama hannun rigata, ya kai ni gaban akwatin, ya nuna mini mariƙin.

Zuciyata ta riga ta kama shi. Amma bakina ya yi abin da ya saba yi tun ina yaro, ga kuma Habibu tsaye a gefena. Na ce, “A'a, haba dai, ku dai ku yi.”

Kowa a nan ya san wannan ba ƙi ba ne. A Kano mai gida zai sake cewa, ka sake nuna kawaici, ya matsa, sannan ka karɓa kamar an tilasta ka. Jira nake a sake. Sai na ji Habibu ya fara fassara, kuma a karo na farko tun da muka zo fassararsa ta fi maganar tsawo. Daga baya ɗan tsohon ya gaya mini abin da ya ce. Wai surukinsa babban mutum ne, kuma a ƙasarmu babba ba ya taɓa irin wannan aikin alhali ɗansa na tsaye. Lao Liang ya gyaɗa kai, ya rusuna mini, don su ma sun san girman tsoho. Da hannunsa ya mai da ni kujera, ya ƙara mini shayi, ya koma ya ɗora hannun Habibu a kan mariƙin.

Da farko ma baya ya murza, sai da aka juya masa hannu. Ya sake. Injin ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya sake tari, sai ya kama. Ba shi da salansa, kowace silinda da bakinta take magana, ƙarar tana shiga ta tafin ƙafa ta fito ta haƙori. Ba gudu yake kamar injin mota ba, a natse yake bugawa, kana iya bin kowane bugu. Bawul suna hawa suna sauka a fili, mai na fantsama, iskar farfela ta kwashe takardu da hular wani ma'aikaci. Tsohon na tsaye hawaye na bin kumatunsa. Na duba Habibu, mutumin da Allah ya ba wannan rabon, sai na ga ya ja da baya ya toshe kunnuwansa da yatsu, yana duba ko mai ya taɓa masa riga.

Wannan ne ban iya haɗiyewa ba. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tuɓe babbar riga na jefa a kujera, daga ni sai 'yar ciki, a gaban surukina da ma'aikata da kowa. Na zagaya ta bayan injin na ɗora tafina a kan bututun ruwan da ya bi saman silindun. Ni da na sha yi wa masu koyo ranƙwashi a kan taɓa lagireto da zafi, na san abin da zai biyo baya. Na ji ruwan yana wucewa a ƙarƙashin hannuna, bugu bayan bugu, na ji zafin yana cin fata, ban ɗaga ba. Ina nan a haka injin ya yi shaƙuwa, ya ja, ya sake shaƙuwa, farfela ta yi 'yan juyi ta tsaya. Fetur ya ƙare.

Lao Liang ne ya cire mini hannun ya tsoma a bokiti. Da ya fito da shi sai ya juya shi yana dubawa, ba sabon ƙunar ba, tsofaffin. Ɗigon dalma a bayan hannu, kantar yatsu, baƙin da ke ƙarƙashin farce wanda sabulu ya daɗe da sallamawa. Ya miƙo nasa hannun ya jera da nawa. Iri ɗaya ne, nasa dai ya fi tsufa. Ya ce shifu, wanda ɗansa ya ce haka suke kiran gwanin sana'ar hannu, sannan ya juya ga Habibu ya faɗi wata magana a hankali.

Na ce, “Me ya ce?”

Ya ce, kansa a ƙasa, “Ya ce me ya sa ba a faɗa masa sana'ar Baba ce ba.”

Tsohon ya ɗauko jarkar ya girgiza ta kusa da kunnensa, ko Allah zai sa. Ya kife ta, ko ɗigo. Ya dube ni ya ce meyo, wannan kuwa ban nemi fassara ba.

A tasi Habibu ya zauna gaba, ni a baya da hannu naɗe a tsumma. Mun yi nisa kafin ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, Baba ya yafe shi, shi a zatonsa girmamawa yake. Na ce ba komai, Allah ya yi masa albarka. Me zan ce? Abin da aka koya masa ya yi, kuma da ya tsaya yana kallo ina murza inji cikin farar riga, da labarin ya zo Kano, ku ɗin nan da kuke karantawa ku za ku fara cewa ba shi da tarbiyya. Isuhu kuwa da ya ga hannun bai yi dariya ba, man kaɗanya ya fito da shi daga jakar nan tasa da ba ta rasa komai.

Aka loda kayanmu a Huangpu, biza ta kusa cika, muka biyo hanyar da muka zo. Lagireton sun iso, ba wanda ya dawo da ko ɗaya. Hannuna ya yi bororo ya saɓule ya warke, amma ƙyashin bai saɓule ba. In na ga Habibu ya miƙo hannun dama zai karɓi wani abu, sai in tsinci kaina ina kallon hannun.

Bayan ƙaramar salla ya zo gaisuwa, ya tsuguna a inda ya saba. Muka gama ina gajiya ina iyali, ya yunƙura zai tashi. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba, na yi masa tambaya ta kaina, ba ta bakin kowa ba. Na ce, “Habibu, ranar nan da ka murza, lokacin da ya kama, yaya ka ji a hannunka?”

Ya shiga tunani, da gaske yake son ya samo mini amsa. Can ya ce, “Wallahi Baba ban lura ba. Ƙarar ce ta dame ni.”